Kwana biyu cikin shanu marasa tozo

Tun kafin in taka ƙasar Amurka na riga na yanke wa manomanta hukunci. A zatona mutane ne da gwamnati ke ɗura wa kuɗi ta baki ta hanci, ko sun yi noma ko sun kwanta. Na shekara ashirin ina aikin malamin gona, kuma duk taron da aka zauna ana kukan madarar gari ta kashe kasuwar nono, sai wani ya miƙe ya ce ai Turawa tallafi ake ba su. Ni ma na sha faɗin haka da ƙarfin murya, alhali ban taɓa ganin takardar tallafin nan da idona ba.

A watan Oktoban 2023 na je Madison, babban birnin jihar Wisconsin, wurin ƙanina da ke karatu a jami'ar garin. Daga filin jirgin Chicago tafiyar wajen awa uku ce a bas. Abin da na fara lura da shi lambar motocinsu ce, kowace an rubuta mata kirarin jihar a ƙasa, wai ita ce ƙasar madarar Amurka. Zuwana ya dace da baje kolin shanun madara da ake yi a garin duk shekara, wanda mutane ke zuwa daga ƙasashe da yawa. Mun yini a can. Na ga saniya ana yi mata wanka da aski da gyaran jela kamar amaryar da za a kai ɗaki. Da yamma na ce wa ƙanina wannan kwalliya ce, ni garke nake so in gani, inda ake taka kashi.

Ya ce, "Yaya, akwai wata 'yar ajinmu, babanta yana da shanu a gundumar Clark. Amma fa ƙarfe biyar na asuba suke tatsa."

Na ce ai ni da asuba ba baƙin juna ba ne.

Muka kama hanya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa arewa maso yamma, ta Tomah da Black River Falls. Kaka ce a wurinsu, ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya, masara ta bushe a tsaye tana jiran injin girbi. Da muka doshi Neillsville, hedikwatar gundumar, sai ga wata ƙatuwar saniyar roba tsaye a bakin titi, ta fi ɗaki tsawo, sunanta Chatty Belle. Ƙanina ya nace sai mun ɗauki hoto. Na tsaya don kada ya ce na cika taurin kai, amma hankalina yana kan wani abu dabam da na fara gani tun a hanya: dogayen rumbunan siminti da ake adana abincin shanu a ciki, tsaye kusa da manyan ɗakunan shanu masu jan fenti, amma babu saniya ko ɗaya. Wani ɗakin rufinsa ya rufta, wani an mayar da shi wurin ajiye kwale-kwale. Na fara ƙirga su, na kai goma sha wani abu na bari.

Gundumar Clark ita ce ta fi kowace gunduma a Wisconsin yawan garken shanun madara. Idan a nan kangon ya kai haka, na ce a raina, to ina ga sauran?

Mai gonar dattijo ne da ya haura sittin, dogo, hannunsa kamar faifan murhu don kauri. Ya ce in kira shi da sunansa na yanka kawai. Bakina ya kasa. Mutum mai furfura, uban budurwa, in kama sunansa gatsau? Har na bar gidan ina ta kewaye-kewaye, shi kuma yana dariya. Kakansa ne ya sari gonar. Shanun tatsa 60 yake da su, ban da karsana da 'yan maruƙa, dukkansu Holstein masu dabbare-dabbaren fari da baƙi, ba tozo, ba ƙaho. A idon wanda ya saba da bunaji da rahaji, sai ka ga kamar ba a gama ƙera su ba. Amma ka dubi hantsarsu ka yi shiru.

Ƙarfe biyar saura muka shiga ɗakin shanun. Sanyi na yanka kunne a waje, ciki kuwa ɗumi da warin ciyawar da aka tsima. Kowace saniya tana turkenta, kowace da sunanta a wani ɗan allo bisa kanta. Dattijon zai durƙusa, ya tsoma kan nonon cikin wani ruwan magani, ya goge da tsumma, ya ɗan matsa sau biyu uku a ƙasa ya duba ko akwai gudaji, sannan ya maƙala injin mai baki huɗu. Madarar ta bi bututun ƙarfe da ke saman kanmu ta zuba cikin wani babban tanki mai sanyaya ta. Hannu ba ya taɓa ta, ƙuda ba ya ganin ta. Saniya ɗaya tana ba shi wajen lita 30 a rana. Na tuna Fulanin da muke aiki da su, waɗanda idan saniya ta ba da lita biyu bayan maraƙi ya sha sai a gode Allah. Na roƙe shi ya bar ni in gwada tatsa da hannu, don in nuna masa mu ma ba baya ba ne. Saniyar ta juyo ta dube ni, ta ɗaga ƙafa ta watsa mini abin da ke ƙasa har gaban riga. Ƙanina ya yi dariya har da riƙe ciki, na ce zai gane kurensa idan mun koma gida.

Motar tanki tana zuwa bayan kwana bibbiyu. Direban yakan ɗebi madarar a 'yar kwalba kafin ya zuƙe, don a auna maiƙonta a kuma duba ko akwai ragowar maganin allura. Da maiƙo da sinadarin gina jiki ake biya, ba da cikar mudu kawai ba. Wannan awon maiƙon wani malamin jami'ar Madison ne, Stephen Babcock, ya fito da shi a 1890, saboda a lokacin manoma suna ƙara ruwa ko su kwashe man kafin su kai. Ashe surka nono ba a kasuwarmu aka fara ba.

Bayan an gama tatsa muka zauna a teburin kicin, ga kofi ga burodi ga cuku. Nan na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, nawa gwamnati take ba ku? Dattijon ya dubi matarsa, domin ita ce mai riƙe da lissafi. Ta tashi ta ɗauko wata jakar takardu mai kauri ta baje a gabana.

Da farko sai da ta nuna mini takardar biyan madara. Su ba da lita suke sayarwa ba, da awon fam 100 ne, wato wajen kilo 45. Kuma manomi ba ya yanka wa madararsa farashi. Mota ta kwashe ta tafi, sai bayan makonni takarda ta zo ya ga nawa aka saye ta. Ana fitar da farashin ne da wani lissafin gwamnatin tarayya da ya dogara da yadda cuku da man shanu da madarar gari suka yi a kasuwa. A Wisconsin kusan duk madarar cuku ake yi da ita, don haka idan cuku ya faɗi, sun faɗi. A 2022 farashin awo ɗaya ya haura dala 25, kowa ya biya bashi ya gyara injin. A tsakiyar 2023 kuwa madarar cuku ta sauko ƙasa da dala 14, ga abincin shanu da tsada. Na yi tunanin Bafulatana mai tallan nono. Ita aƙalla tana iya cewa albarka ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba. Wannan bawan Allah ba shi da wannan damar, saniya ba ta san farashi ya faɗi ba, gobe ma sai ta cika tanki.

Sannan ta zo kan tallafin. Sunansa a taƙaice DMC, an kafa shi cikin dokar noma ta 2018, ya maye gurbin wani na 2014 da manoma suka yi ta kuka da shi cewa suna zuba kuɗi ba sa ganin komai. Abin ya fi kama da inshora. Kowane wata ma'aikatar noma tana ɗaukar matsakaicin farashin madara na ƙasa baki ɗaya, ta cire kuɗin abincin saniya, wato masara da tunkuzar waken suya da busasshiyar ciyawar alfalfa. Abin da ya rage shi ne rata. Manomi tun farkon shekara zai je ofishin FSA, hukumar ma'aikatar noma mai kula da tallafin manoma, na gundumarsa ya zaɓi ratar da yake so a kare masa, daga dala 4 zuwa dala 9.50 a kan kowane awo. Idan ratar wata ta faɗo ƙasa da abin da ya zaɓa, gwamnati ta cike masa giɓin. Idan ba ta faɗo ba, kuɗin da ya zuba sun tafi.

Matar ta ja takarda ta yi mini lissafin da fensir, ni kuma na kwafe cikin littafina. Madarar da suka yi wa rajista fam miliyan 1.2 ce a shekara, wato awo 12,000, dubu ɗaya kowane wata. Sun zaɓi matakin sama, dala 9.50, wanda ake biya wa sent 15 a kan kowane awo. Ya zama dala 1,800 a shekara, da dala 100 kuɗin rajista. A watan Yulin 2023 ratar ta faɗo zuwa dala 3.52, mafi ƙasƙanci tun da aka fara shirin. Giɓin ya zama dala 5.98, a ninka sau dubu, kusan dala 6,000 kenan a wata ɗaya kafin a yanke wani ɗan kaso. Daga Janairu zuwa Agusta na shekarar babu watan da ba su samu wani abu ba. A ƙasar baki ɗaya abin da shirin ya biya a 2023 ya haura dala biliyan 1.

Ni kam da na juya dala 6,000 zuwa naira a kaina sai na gyara zama. Ta lura. Ba ta ce komai ba, sai ta ci gaba da jero wasu takardun a kan na farko: kuɗin man tarakta, kuɗin lantarki, likitan dabbobi, mai ɗaukar madara, gyaran injin sanyaya tanki da ya lalace a tsakiyar zafi, kuɗin ruwan bashin banki. Duk waɗannan lissafin gwamnati bai san da su ba, abincin saniya kaɗai ya sani. Kafin ta kai ƙarshen tulin, dala dubu shidan ta narke. Ta ce a watan nan kuɗin gida daga albashinta suka fito, domin tana aiki a wani ofishi a Marshfield, kuma ta nan suke samun inshorar lafiya. Da ba don wannan aikin nata ba, in ji ta, da tuni an yi gwanjon shanun.

Akwai wani abu a tsarin da ya ɗaure mini kai, har na sa ta maimaita. Ba a duba halin da gonarka take ciki. Ko kai ka noma masararka ko saye kake yi, ko masu sayen madararka sun biya ka sama ko ƙasa da na sauran, lissafin ƙasa ɗaya ake yi wa kowa. A lokacin, yawan madarar da ake biya a kanta ma daga tarihin gonar aka ɗauko, na shekarun 2011 zuwa 2013, da ɗan gyara daga baya. Amfanin haka shi ne babu wani jami'i da zai zo ya leƙa garkenka ya ce ka cancanta ko ba ka cancanta ba, balle a nemi na goro. Alƙaluma su fito, kuɗi su faɗa asusunka. Wanda ya taɓa tsayawa layin taki ya san darajar wannan.

Na zo da niyyar in kama su da laifin cewa manya ne ke cinye tallafin. A wannan shirin dai abin bai tafi yadda na so ba. A lokacin, fam miliyan 5 na farko ne kawai ake karewa da araha, madarar shanu ɗari biyu da 'yan kai kenan. Abin da ya haura haka kariyar ba ta wuce dala 8, kuma da tsada. Mai shanu 3,000 ba zai samu ninkin na dattijon sau hamsin ba. An yi shi ne don ƙanana da matsakaita. Amma duk da haka ƙananan ne ke mutuwa. A 2004 Wisconsin tana da gonakin madara kusan 16,000. Lokacin da na je sun koma wajen 6,000. A 2019 kaɗai sama da 800 suka rufe. Shanun kuwa ba su ragu ba, suna nan wajen miliyan 1 da dubu ɗari biyu da wani abu, sun dai tattare a hannun mutane kaɗan. Babban mai gona yana sayen abinci da sari, yana cika mota guda shi kaɗai don haka kuɗin ɗauka ya yi masa sauƙi, yana tatsa sau uku a rana da ma'aikata. A hanyarmu ta komawa mun ratsa Abbotsford, inda shaguna da yawa da Sifaniyanci aka rubuta sunayensu, domin 'yan Meziko da maƙwabtansu ne ke riƙe da tatsa a manyan gonakin.

Dattijon bai cika magana ba sai da aka zo nan. Ya ce a 2019 sakataren noma na lokacin, Sonny Perdue, ya zo wannan baje kolin na Madison da na je, ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa a Amurka babba ƙara girma yake yi, ƙarami kuma ya fita. Mutane sun yi ta fushi. Shi kuwa ya ce bai yi fushi ba, mutumin gaskiya ya faɗa, abin da ya rage kawai a daina yi musu kamar ba haka ake nufi ba. Ya ce shi ya ga zamani uku na tallafi. Yana saurayi gwamnati ce ke saye rarar cuku da man shanu don riƙe farashi, har kaya suka cika ɗakunan ajiya da koguna, a ƙarshen 1981 Shugaba Reagan ya sa aka fara raba cukun ga talakawa. A 1986 sai aka juya, gwamnati ta biya manoma su sayar da garkensu a yanka ko a fitar waje, su kuma yi shekara biyar ba su tatsa ba. Shanu sama da miliyan ɗaya suka tafi a haka. Maƙwabcinsu na kudu a lokacin ya shiga, ranar da motoci suka zo kwasar shanun bai fito daga ɗaki ba. Yanzu kuma ga zamanin rata. A ganinsa duk cutar ɗaya ce, madara ta yi yawa. Farashi ya faɗi, kowa ya ƙara shanu don ya cike asara, farashi ya ƙara faɗuwa. Tallafin yana hana ka nutsewa a wannan watan, kai kuma ka ci gaba da zuba madara cikin kogin da ke cin ka.

Matar ta ɗauko wayarta ta buɗe wani shafi na ƙungiyar Environmental Working Group, wadda ke tattara bayanan biyan tallafin noma daga gwamnati tana sakawa a intanet. Ta zaɓi jiharsu, ta zaɓi gundumarsu, sai ga sunaye a jere da adadin da kowa ya karɓa shekara da shekaru. Ta gangara ta nuna mini nasu. Na ce, kowa yana iya gani? Ta ce har wanda kuke zama benci ɗaya a coci. Ni abin burge ni ya yi, na ce da ma a ce duk buhun takin da aka ce an raba ana iya ganin sunan wanda ya sauka a gidansa. Dattijon kuwa fuskarsa ta canza. Ya ce mutanen birni suna ganin lambar nan su ce ga masu cin kuɗin harajinmu, ba sa ganin ɗaya tulin takardun. Ya ce da za a saye madararsa da kuɗin da ya kashe a kanta, da ƙafarsa ba ta taka ofishin nan ba. Na gane kunya yake ji, irin kunyar magidancin da aka gani yana karɓar zakka.

Washegari da hantsi ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa ya zaga da mu wajen Loyal da Greenwood. A bakin titi akwai alamun da aka zana keken doki, gargaɗi ga direbobi. Ba mu yi nisa ba muka cim ma ɗaya, baƙin keke da doki ɗaya, wani mai gemu da hular kaba a ciki, yara biyu suna leƙen mu ta baya. 'Yan Amish ne da Mennonite, wasu ɗarikun Kirista masu riƙe da tsohuwar hanya, waɗanda suka fara ƙaura zuwa gundumar tun shekarun 1970, da yawansu daga Pennsylvania, suna saye gonakin da wasu suka bari. Su ne babban dalilin da ya sa Clark take da yawan garke har yanzu. Akasarinsu ba sa karɓar tallafin gwamnati, addininsu bai yarda su jingina da ita ba. Shanu 30 ko 40, 'ya'ya takwas ko goma masu tatsa, ba albashin ma'aikaci, ba sabuwar mota. Wasu taraktarsu ƙafar ƙarfe gare ta, wasu doki ne ke ja musu garma. Idan ɗakin shanun wani ya ƙone, jama'a su taru su tayar masa da wani, gayya sak irin tamu ta da.

Na daɗe ina juya wannan a mota. Ba zan ce rashin karɓar tallafi ne ya raya su ba, ƙarya zan yi. Abin da ya raya su rayuwa ce da ɗiyar dattijon ba za ta yarda da ita ba, kuma ban ga laifinta ba. Ƙanina ya ce, "Yaya, kai ma da za a ce ka ajiye waya da mota ka koma garma, ai ba za ka yi ba." Na ce ya yi tuƙinsa, alhali ba shi ke tuƙin ba.

A gidan man da muka tsaya akwai allon sanarwa kusa da ƙofa. Cikin tallan itacen wuta da na 'yan kwikwiyo, ga takardu biyu na gwanjon garke, an jera yawan shanu da yawan madarar da kowace ke bayarwa, da injuna da ranar da za a buga ƙararrawa. Dattijon ya tsaya ya sa tabarau ya karanta ɗaya har ƙasa. Ya san mai garken, tare suka yi makaranta. Ya ce shanun kirki ne, zai je ko don ya tsaya kusa da shi.

Da za mu tafi matarsa ta cika mana leda da cukun Colby, wanda aka fara yi a garin Colby da ke gefen gundumar a 1885, da wasu 'yan gutsattsarin sabon cuku masu ƙara a haƙori idan ana tauna. Na tambayi dattijon wa zai karɓi gonar bayansa. Ya ce ɗansa direban babbar mota ne, ɗiyar kuma ga ta can tana karatu, ba ya so ya ɗora wa kowa. Ya nuna mini wata gona can gaba da haɓarsa, inda shanya ta cika igiya da baƙaƙen wanduna tun daga manya har ƙanana. Ya ce mai gidan can yana da samari uku da suka isa aure, kuma sau biyu ke nan yana zuwa da kekensa yana tambaya ko an sa wa gonar kuɗi. Ya duba agogo, ya ce mu gaida gida, akwai saniyar da yake sa ran za ta haihu kafin tatsar yamma.